Allon Madam Bibliyotek

Hajiya Zalika ba ta taɓa ɓoye cewa tana son a gan ta da littafi a hannu ba. Wasu tsofaffin carbi suke ja a ƙofar gida. Ita kuwa littafi take buɗewa, ta juya bangonsa ya fuskanci hanya, don kada mai wucewa ya sha wahalar sanin irin matar da yake gaisarwa. Allah ya yi mata baiwa da yawa, kuma babu wadda ta bari ta kwana ba a sani ba. Ta ci jarrabawar brebe a shekarar da 'yan matan Dakoro masu zaman jarrabawar ba su cika tabarma ɗaya ba. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana buga takardu a buro, wato ofis, har ta ajiye aiki ba ta yarda an taɓa kawo shugaban da ya kai ta Faransanci ba. Mu sauran tsofaffin 'yan lakwal, wato 'yan boko, masu irin ciwonta amma marasa ƙarfin halinta, mu muka raɗa mata Madam Bibliyotek, wato ɗakin littattafai da Faransanci. Da sunan ya kai kunnenta, sai ta aiko aka gyara mana yadda ake faɗinsa.

Ɗakinta ne shaidarta. Inda sauran mata ke jera kwalla da tangaran a bufen gilashi, ita littattafai ta jera, masu ƙiba a ƙasa, masu ruwan zinariya a tsakiya, daidai idon baƙon da ya zauna. Duk wani mai ilimi da ya sauka garin sai an kai shi ya gaishe ta. Takan ɗauko ɗaya, ta shafa shi, ta ce, "Wanga sai mai zurfin tunani." Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda ya ƙare.

A bana aka kawo sabuwar direktiris, shugabar kwalej, Madam Haula, ta kafa wa 'yan mata ƙungiyar karatu, ta ce tana neman dattijuwar da za ta zama uwar ƙungiya. Akwai kujera a sahun gaba ranar bikin rufe shekara, akwai kuma makirfo. Hajiya ba ta nemi muƙamin ba, don babba ba ya nema. Shadda kawai ta kai wa tela, ta ce ya hanzarta.

Ana cikin haka autarta A'ishatu, da ke aikin ungozoma a Yamai, ta aiko mata da wani allo a kwali, siriri kamar faranti, cikin rigar fata. Hajiya ta sa aka kira matan unguwa barka, kamar an yi haihuwa. Da tsakar gida ta cika, ta ɗaga shi sama.

"Ku duba da kyau. Wanga ba salula ba ce, ba talabijin ba ce. Lizes ake ce mata, kuma babbar ce, ba irin ta 'yan makaranta ba. Littafi dubu ukku ke cikinta. Duk abin da Turawa sunka rubuta mai amfani, ga shi ga hannuna."

Sai ta sa aka kawo ƙwarya cike da ruwa, ta tsoma allon a ciki. Mata suka ɗauki salati. Ta fito da shi yana ɗiga, rubutunsa na nan daram.

"Ba ta jin ruwa," in ji ta. "Ko cikin teku kina iya karatu."

Uwale mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarta ta shekara arba'in, wadda ta yini a layin famfo kafin ta sami jarka biyu, ta ce, "To Hajiya, in kin gama da tekun ki ba ni, in wanke gyaɗa."

A gidajenmu, idan sabon kaya ya shigo ɗaki, tsohon fita yake yi sadaka, don kada a ce mai shi ba ta da wadatar zuci. Hajiya ba ta son a ce. A gaban kowa ta buɗe bufe, ta ce wa Uwale ta kwashe tarkacen takardun nan ta naɗe ƙuli da su, zamaninsu ya wuce. Sawu huɗu Uwale ta yi da daro a ka.

Gaskiya dai allon ya yi abin da aka ce zai yi. Idon Hajiya ya daɗe da daina ganin ƙananan baƙaƙe, ko da tabarau. Yanzu da yatsa biyu take ja, harafi ya kumbura ya kai ƙwayar wake. Ba shi da nauyi, ba ya gajiyar da wuyan hannu. Rana ba ta kashe haskensa. A ɗauke wuta kwana uku, salular kowa ta mutu, shi ko a jikinsa. Gara ba ta cinsa, ɓera ba ya sha'awarsa.

Aibinsa ɗaya ne a farko, amma babba: ba shi da bango. Hajiya ta zauna a ƙofar gida kamar kullum, ta juya bayansa ga hanya, bayan kuwa baƙar fata ce kawai. Mai wucewa na farko ya ce, "Hajiya, wane fim ne?" Na biyu ya roƙe ta ta duba masa ko an ci ƙwallo. Shekara talatin ana gaishe ta da ladabi saboda kaurin abin da ke hannunta, yau ta koma kamar kowace tsohuwa mai latse-latse.

Ta shige ɗaki ta ce bari ta yi karatun da gaske, tun da babu mai gani. Ta buɗe wani babban littafin falsafa, barci ya ɗauke ta a shafi na huɗu. Ta buɗe na tarihi, ta tuna ba ta ba awaki dusa ba. Haka ta yi ta leƙa manya tana fitowa, har yatsanta ya faɗa kan wani da A'ishatu ta zuba don kanta ta manta ba ta cire ba, labarin wata malamar asibiti da wani matuƙin jirgi mai taurin kai. Kwana uku Hajiya ba ta fito ƙofar gida ba. Tuwo ya ƙone sau biyu. Uwale ta jiyo ta ta katanga tana cewa, "Kai dai an yi sakarai! Koma ka ba ta haƙuri!" ta ɗauka da bunsuru take. Rabon Hajiya da ta kai ƙarshen littafi tun tana kwalej, shi ma don an ce zai fito a jarrabawa.

Ranar Laraba bayan la'asar Madam Haula ta zo gaisuwa, ta tarar da Uwale a ɗakin. Idonta ya fara sauka kan bufen da ba komai sai tulin mujallun tela.

"An ce mini Mama na da littattafai da yawa."

"Ɗiyata, mun wuce nan," in ji Hajiya. Ta miƙa mata allon da hannu biyu. "A hankali, ba kowa ya san kanta ba."

"Ai na taɓa riƙe irinta, Mama."

Madam Haula ta taɓa wani lungu da Hajiya ba ta taɓa taɓawa ba. Sai ga littattafan sun jeru da hotunan bangonsu, kowane da 'yar lamba a ƙarƙashinsa. Madam Haula, mai tarbiyya, ta yi kamar ba ta gani ba. Uwale ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Ta miƙo wuya.

"Madam, mi ne ne wanga ƙarƙashi?"

"Yana nuna inda mutum ya kai ne, Inna. Kashi nawa cikin ɗari ya karanta."

Hajiya ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa. Ba wanda ya gaya mata abin yana ƙirga.

"Ikon Allah," in ji Uwale, ta sa yatsa. "Wanga biyu. Wanga ɗaya. Wanga babu. Babu. Babu. Ukku, sannu da ƙoƙari. Kai, ga ɗari! Wanga mai hoton, da namijin ya riƙe ta haka, rigarshi ba maɓalli. Hajiya, wanga kam kin cinye shi har ƙashi."

Hajiya ta gyara zaman tabarau. "Bincike nike yi. Dole uwa ta san abin da ke lalata ɗiyan zamani kafin ta yi masu faɗa."

"Haka ne, Mama," in ji Madam Haula. Ta ajiye allon, ta sha ruwa, ta ce za su yi shawara. Duk wanda ya zauna Dakoro ya san inda shawara irin wannan take ƙarewa.

Ashe takardun Turawa ba su yi wa Uwale amfani ba, santsi gare su, ba sa shan mai. Da ta ji Madam na cigiyar littattafai, washegari ta sa aka loda su a amalanken jaki aka kai kwalej. Littafi ɗari da sittin, uku ne kawai babu shafukan farko. Ranar biki Uwale ce a sahun gaba, a kujerar uwar ƙungiya. Da aka ba ta makirfo ta ce ita dai ba ta iya ba, amma su su iya, kuma in sun fara su kai ƙarshe. Aka yi tafi har da guɗa. Hajiya na sahu na uku cikin sabuwar shadda, tana tafi da yatsu biyu.

Da safe ta naɗe allon a ɗankwali, ta ba direban motar Yamai, sannan ta kama salula ta yi wa autarta saƙon murya.

"Auta, ga abin nan na aiko maki. Littafin malamar asibitin nan, an ce yana da na biyu, ki sa mini. Amma ki samu wanda ya iya, shi cire hoton, shi rubuta Tarihin Duniya a kai. Sauran kuma a ɗan ɗaga masu lamba, ko zuwa sittin. Ban ce ɗari ba, kada a ce na cika baki."