Takalman Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki surukina hoto a zaurensa na unguwar Maourey. Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ina ɗan ma'aikaci a biro, wato ofis, na sayi kamara hannun wani Bature da ke haɗa kayansa zai koma gida. Tun daga nan na fara tafiya da ita rataye a wuya har masallaci (ban da fim a ciki, galibi).

Surukina, Alhaji Mamman, ɗan kasuwa ne mutumin Damagaram. Mahaifiyarsa tana can ta tsufa, shekaru ba ta gan shi ba, ta aiko cewa ko hotonsa a kai mata ta ga fuskarsa. Matata Rabi ce ta ce mijinta ai gwani ne. Alhaji ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai zauna a titi yara su taru suna kallonsa ba, a zaure za a yi, kuma sau ɗaya. Direban da zai kai hoton zai tashi ran Alhamis.

Zauren nan ko da azahar sai ka lalubi takalminka. Ni kuwa na rantse sai hoton ya fito. Kwana huɗu ina gwaji a ɗakina da tulu. Na gane in haske ya yi kaɗan dole a buɗe idon kamara gaba ɗaya, a ɗora ta kan abin da ba ya motsi, a riƙe numfashi. Matsalar ita ce in ka buɗe idon haka, abu ɗaya tak ke fitowa sarai, wanda ka murza zoben gilashin ka daidaita a kansa. Sauran duk dishi-dishi. Tuluna dai ya fito kamar ka ɗebi ruwa.

Ranar na zo da turmin Rabi na kife shi, na ɗora kamara, na sa aka ɗage labulen ƙofa. Alhaji ya zauna kan kujera cikin babbar riga, ya miƙe ƙafafu. Na durƙusa na leƙa, sai ga idanun surukina cikin nawa. Jama'a, tun da na auri ƴarsa ban taɓa kallon fuskar mutumin nan ba, ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi. Na sunkuyar da ido inda ya saba sauka, na murza zobe har abin da nake kallo ya fito tas.

"Malam, ka gama ko sai la'asar?" in ji shi.

"An gama, Baba." Na danna.

Daren Laraba aka wanke, da safiyar Alhamis na karɓo. Ga takalman fata, har ɗinkinsu ana ƙirgawa, ga yatsu goma reras. Sama kuwa wani farin gajimare da rawani.

Na miƙa masa da hannu biyu a gaban direba da abokan cinikinsa. Ya juya hoton, ya nisanta shi, ya matso da shi. Ni ina fatan ƙasa ta tsage.

"To," ya ce, "takalman dai sun samu lafiya." Zauren ya fashe da dariya. Ya ba direba ya ce a kai haka, ba zai sake zama ba.

Sati uku ina kauce wa layinsu. Sai direba ya dawo da saƙon tsohuwa: fuskar ba ta gani ba, amma ɗanta ne, ga yatsan da jaki ya taka yana yaro. Wai ta sa hoton ƙarƙashin matashinta. Ba ta kai damina ba ta rasu, kuma abin ya daɗe yana cina a rai.

Tun daga ranar, duk babban da ya zauna gaban kamarata sai na ce, "Baba, a gafarce ni, zan kalle ka." Sannan in zuba masa ido kamar marar tarbiyya.