Yadda Janar Ya Shiga Wasan Mai Sharet

"Wai Janar, duk faɗin Tasawa da Mayahi akwai wanda ya kai ka sanin jaki?"

Gazali ne ya yi tambayar. Ina tsakar gida ina tsince wake na jiyo ta ta saman katanga. Fadar samarin unguwarmu a gindin katangarmu take, nan suke dafa shayi, don haka ko ban so ba, duk abin da aka faɗa sai ya faɗo cikin faifaina. Janar kuwa maigidana ne. Ba soja ba ne, teburin sharjin waya gare shi a bakin tasha. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mutane suka bi shi da shi don a zauna lafiya.

Sai da ya yi gyaran murya sau biyu. "Jaki? Ni idan na kalli kunnen jaki sau ɗaya, zan gaya maka garin da aka haife shi da abin da ya ci jiya. Yaran nan na Maradi da suka ƙirƙiro wasan nan, ko jelar jaki ba su taɓa riƙewa ba!"

Na sunkuyar da kai kamar ni aka kama da ƙarya. Shekara biyu da aurenmu, dabba ɗaya na taɓa ganin ya yi mu'amala da ita, zakaran maƙwabta, kuma zakaran ne ya yi nasara.

Bari in gaya maku wasan da ake magana. Sunansa Mai Sharet, a waya ake yin shi. Wani saurayi Abdul Razak da ƙanwarsa Kausar suka haɗa shi. Kai ne mai jaki, ga sharet ɗinka, wato amalanken jaki, cike da bidon ruwa, irin jarkokin nan, ka ratsa yashi ka kai wa mutane kafin lokaci ya ƙare. Da farko idan ka danna bulala jakin tashi yake kamar moto, kuma maigidana ya fi kowa danna bulala, har gilashin wayarsa ya yi tabo a wurin. Shi ne na ɗaya a gurup ɗin ƴan wasan, mutum ɗari biyu da wani abu, shi ne kuma admin. Sai rannan masu wasan suka sako sabon gyara, wanda ƴan fada ke kira mizajur. Yanzu jakin yana tsayawa da kansa a ƙofar gidaje, kuma idan ka yi mashi bulala fiye da uku sai ya kafe ƙafa ya juyo ya kalle ka. Cikin kwana biyu Janar ya gangaro daga na ɗaya zuwa na saba'in da huɗu.

Fada ta rabu. Gazali ya ce yanzu ne wasan ya zama wasa, dole ka yi tunani. Muddassir tela ya ce an lalata shi, shi ba don tunani yake wasa ba, tunani ai shina yi a shago. Wani ya ce shi jakin bai dame shi ba, yashin ne bai yi kama da na hanyar Hawandawaki ba, ya yi fari da yawa. Wani ya ce wayarsa tana zafi har ya dafa ƙwai a bayanta. Maigidana bai tsaya nan ba. Ya shigo gida, ya tsaya kusa da randa inda reso, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, ya aika wa masu wasan saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ya kira su ƴan boko masu hannun biredi, ya kira jakinsu ragon kwamfuta, ya rufe da cewa jakin gaskiya ba ya tsayawa muddin direba ya san aikinsa.

Ashe suna saurare. Washegari Kausar ta amsa a gurup, kowa na ji.

"Mun gode, Janar. Ran Asabar za mu biyo ta Tasawa. Ka tuƙa sharet daga famfon unguwarku zuwa gudron, can bakin kwalta, ba tare da jakin ya tsaya ba, mu kuma mu maida wasan yadda yake da."

"Dakor, na yarda!" in ji shi. "In ya tsaya ko sau ɗaya, na sauka daga admin, Gazali ya hau. Amma da sharaɗi. Ku ɗauke ni a bidiyo, ku sa ni cikin wasan da muryata, yara su koyi tuƙi."

"Ko me ya faru?"

"Ko me ya faru!"

Admin ɗin nan, ku da ba ku san shi ba, ya fi son shi da tuwon dare. Ko sallama ya yi wa baƙo sai ya sako shi a ciki.

Jakin da zai ara na yayana Ilyasu ne, mai sayar da ruwa a unguwarmu. Baƙi ne, sunansa Duna. Ni na raine shi a gidanmu can Hawandawaki tun yana ɗan aholaki mai rawar ƙafa, kafin Baba ya ba Yaya shi. Shekara huɗu ke nan Duna yana bin hanya ɗaya kullum, daga famfo zuwa gudron, kuma ya san kowace ƙofa da ake sauke bido. Yaya ba ya ko riƙe igiya. Duna ya tsaya, a sauke ruwa, a ɗora bidon da babu komai, ya ji sharet ta yi sauƙi, sannan ya ɗaga ƙafa. In ba a sauke ba, ko gwamna ne ya zo ba zai motsa ba.

Yaya ya so ya yi mashi bayani. "Ka ga jakin nan, shina da..."

"Yaya Ilyasu, da girmanka, kai aiki ka sani, ni kuwa ilimin abin na sani."

Yaya ya dube ni, ya dubi sama, ya miƙa igiya.

Da na kawo mashi abinci na gwada nawa. Na ce, "Maigida, da ka canza hanya, ka bi ta bayan lakwal, makarantar yaran nan."

"Furera, kin taɓa kai mataki na tara a Mai Sharet?"

"A'a."

"To zuba mani miya."

Na zuba.

Ran Asabar da hantsi unguwa ta cika kamar ana raba taki. Ni ina leƙe ta wata ɓaraka a katangarmu, daga nan ana hango layin tun daga famfo. Maigidana ya fito da farar shadda, baƙin tabarau, da safar hannu ta ƴan moto. Abdul Razak ya riƙe littafi, Kausar ta ɗaga waya.

Ya fara da lodi. Ya ce masu ruwa ba su san kimiyya ba, nauyi a baya ake sa shi don gaba ya yi sauri. Ya jere bido goma sha biyu a can ƙarshen sharet. Yana ɗora na ƙarshe sharet ta ɗaga baki sama, Duna ya tashi da ita, ƙafafunsa na gaba suna lilo a iska kamar mai koyon iyo. Jakin bai ko yi kuka ba. Kallon mutane kawai yake, irin kallon dattijon da aka taka wa takalmi a masallaci.

"Ku dakata!" in ji Janar. "Gwajin taya nake!"

Yaya ya zo shiru ya maido da bidon tsakiya. Duna ya sauko duniya.

Aka ce bisimilla. Janar ya hau, ya ɗaga bulala, Duna ya kama hanya da kansa tun kafin a taɓa shi. Ƴan fada suka ɗau tafi. Maigidana ya juyo wajen waya yana cewa, "Kun ga abin da ake kira kontrol?" Bai rufe baki ba Duna ya ja birki a ƙofar Hajiya Asiya mai ƙosai. Taku talatin ke nan daga famfo.

Hajiya ta leƙo da mayafi a kai. "Yau kai ne, ɗan nan? Madalla, sana'a ba ta da kunya. Biyu za ka sauke mani, ka juye a babbar randa."

"Hajiya, gasa muke."

"To ka yi gasar bayan ka juye."

Gazali ya ɗaga yatsa. "Ya tsaya!"

"Bai tsaya ba, ni na tsayar da shi! Gaida manya ai ba ya cikin lissafi."

Kausar ta ce ba komai, a yafe wannan. Janar ya yi bulala ɗaya, biyu, uku. Ya yi ta huɗu. Duna ya kafe ƙafa, ya juyo da kai a hankali ya kalle shi. Wallahi duk wanda ya taɓa buga wasan nan ya san wannan kallon. Layi ya kaure da ihu. Muddassir, wanda da safe yake bayan maigidana, ya riƙe ciki yana cewa, "Mizajur! Wallahi mizajur ne da ransa!"

Babu yadda za a yi. Janar ya sauko da farar shaddarsa ya kai wa Hajiya bido biyu, ta kuma ce ya zubar mata a zaure. Sharet ta yi sauƙi, Duna ya tafi. Ya tsaya a ƙofar liman. Janar ya ce wannan addu'a ya tsaya nema, ya shiga da bido ɗaya a kafaɗa, ya fito da addu'ar. Duna ya tsaya a ƙofar mai wanki, can huɗu ake saukewa. Kafin su iso layinmu safar hannu ta jiƙe, tabarau ya koma goshi, shadda ta manne da bayansa, Abdul Razak kuwa ya cika shafi biyu.

Sai ƙofar maƙwabcinmu Sabiru, gida ɗaya kafin namu. Nan abin ya ƙwace, don Sabiru ya yi tafiya da iyalinsa, ƙofa a kulle, babu mai karɓar ruwa. Duna ya tsaya yana jira. Aka sauke bido aka ajiye a ƙasa, bai yarda ba, shi ya san sai an buɗe ƙofa. Janar ya ja, ya tura, ya yi mashi Faransanci. Daga ƙarshe ya haye kan sharet ya miƙe tsaye a kan bidon da suka rage, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku saurara! Wanga ba jakin gaskiya ba ne! An haɗa baki da shi! Ni Janar, tun da nake..."

Ni fa tausayi ne ya kama ni, Allah shaida. Na ga gumi na zuba ta haɓarsa, na ga Gazali har ya fara karɓar gaisuwar sabon admin. Na ce a raina, bari dai jakin ya motsa, ko taku goma ne, mijina ya samu abin faɗa. Tun Duna yana ƙarami, idan zan ba shi dusa, tasa nake bugawa sau uku. Na ɗauko tasar silba da cokali, na tsaya a bayan ƙofar zaure. Ta nan ba a hango sharet, ban san har yanzu a tsaye yake ba.

Kwan, kwan, kwan.

Ban taɓa sanin Duna yana da wannan gudun ba. Na ji jawabi ya yanke a tsakiya, na ji wani tim, sannan na ji ruwa yana bulbula. Kafin in ja baya kan Duna ya shigo zaurenmu, sharet ta maƙale a ƙofa. Na jefa tasar cikin kwandon wanke-wanke na leƙa ta ƙarƙashin taya. Ga maigidana kwance a yashi, ƙafafu sama, bido ɗaya ya buɗe a kan cikinsa yana yi mashi wanka, takalminsa ɗaya a kan rumfar Sabiru.

Daga kwancen ya ɗaga yatsa. "Kun dai ga ya yi gudu!"

Kausar ba ta sauke waya ba.

Bayan sati uku sabon gyara ya fito, kuma sun cika alkawari. Yanzu idan ka yi bulala ta huɗu, direbanka sai ya miƙe tsaye cikin farar shadda ya ce, da muryar maigidana sak, "Ni Janar, tun da nake..." Sai a ji kwan, kwan, kwan, jaki ya zabura, direba ya yi sama, takalmi ya bi. Gazali, sabon admin, ya ce ba a taɓa yin gyara mai kyau irin wannan ba. Muddassir ya ce faɗuwar ba ta kai ta gaskiya ba, an rage ruwan. Har daga garin Sarkin Hausa wani ya aiko da ƙorafi, wai a ƙara wurin da za a danna a maimaita faɗuwar a hankali. Abdul Razak da kansa ya roƙi mutane su riƙa kai ruwan, don kowa ya daina wasa, bulala huɗu kawai ake yi a zauna a yi dariya.

Maigidana ya ba wasan tauraro ɗaya. Jiya da rana yana cin dambu a tsakar gida, waya a hannun hagu, ya ce, "Furera, yaran nan ba su san aiki ba. Jaki ba ya zabura haka kawai. Da akwai maƙiyin da ya yi mani wannan ƙarar, kuma sai na gano shi. Saurara ki ji yadda take."

Lokacin Yaya yana sauke mana ruwa a ƙofa, ya kwance wa Duna sharet ya ɗan huta. Maigidana ya ɗaga cokali ya buga a gefen tasar da ke gabansa, sau uku.

Duna ya faɗo tsakar gida a guje, maigidana ya ruga. Ya yi ƙoƙari, ba laifi. Ya kai har bakin ɗaki kafin zanin da na shanya ya naɗe mashi fuska ya zauna cikin bahon wanki. Duna ko kallonsa bai yi ba, ya sa baki cikin tasa ya cinye dambun tas.

"Kin gani ko?" in ji shi daga cikin baho, kumfa har kunne. "Ko ƙarar ba a yi da kyau ba ya taho. Jakin nan ni ya tsana!"

Na ce, "Sannu, maigida."

Yaya yana tsaye a bakin zaure, ya dubi tasar, ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya ja jakinsa ya fita yana tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Ni kuwa na ɗauki tasar na wanke, na tura ta can ƙasan gado bayan tukwanen aurena, na ƙudura a raina ko Inna ba zan gaya wa ba.