Jajayen Hulunan da Na Aro wa Ƴan Lakwal

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da la'asar ɗin da na tara mutanen Dakoro kallon wasan kwaikwayo, suka ƙare da kallona. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wanda na fi jin haushi ba tsakanin darektan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, da ni kaina.

Zamanin mulkin Faransawa ne, ina saurayin malami (mushe ake ce mana), ga wando mai kari, ga tsaga a kai, ga ji da kai. Burina ɗaya ne a duniya, a mayar da ni Maradi. Darektanmu, wani Bature mai yawan murmushi, ya ce in na shirya wasan da ya burge kwamanda, Baturen mulkin yankin, a bikin rufe lakwal, magana ta ƙare. Ya miƙo mini wani littafin wasa da aka rubuta a ƙasarsu bayan babban yaƙi, ya ce can duk mai ilimi ya san shi.

Labarin wani ƙauyen Faransa ne da sojojin waje suka mamaye, suna kwashe hatsi da dabbobi, suna kama samari suna kai su aikin dole. A cikin ƙauyen akwai wani magatakarda da ya iya harshen baƙin, shi ke shiga gaba yana nuna musu gidajen da aka ɓoye samari. Na juya shi Hausa, na yi watanni ina koyar da shi. In na ce wa yara, "Wane ne mugu?" su haɗa baki su ce, "Magatakarda!" Ni kuwa in riƙa kaɗa kai, wai na shuka ilimi.

Yanzu ku ji wauta. A lokacin ba wanda ke kawo ɗansa lakwal don Allah. Kowace kaka ni ake haɗawa da gardi, wato dogaran kwamanda, mu shiga rugagen wajen Ajekoriya kamen yara, don ni na san wanda ya tura ɗansa bin shanu da wanda ya ɓoye nasa a rumbu. Amma wallahi duk karatun da na yi wa littafin nan ban taɓa hango kaina a ciki ba. Da yara suka ƙi fitowa a magatakarda, sai na ce ni zan fito. Da aka rasa kayan sojan baƙi, sai na je na aro kaki da jajayen hulunan gardi (da ƙafata na je, har da godiya).

Ranar bikin ta faɗo ranar kasuwa. Masu shanu da masu raƙuma da masu nono duk suka cika filin lakwal, kwamanda da darekta suna gaba bisa kujeru. Wasa ya yi ta tafiya lafiya har aka zo inda na shigo da jajayen huluna a bayana, na nuna wata bukkar zana na ce, "Akwai yaro a nan, ku fito da shi."

Sai na ji fili ya yi tsit. Na ɗauka gwanintata ce.

Can wata tsohuwa mai tallan nono, Inna Hajjo, wadda na kamo jikanta a kakar da ta wuce, ta sauke ƙwaryarta ta miƙe.

"Mushe, wanga shi na wasan? Ai hakanga kay yi mamu! Hulunan ma su na. Abin da ka rage kawai, ran nan bisa doki kake, kuma ka sha nonona kahin ka nuna rumbun."

Dariya ta ɓarke. Wani makiyayi daga baya ya ɗaga sanda yana cewa, "A sake wurin, mu ma mun san shi!" Ni kuwa ina tsaye da yatsa a miƙe, na ma manta in sauke shi.

Kwamanda ya yafito ni ya tambaya da Faransanci me tsohuwar ke cewa. Na rusuna na ce yaba wasan take yi, tana sa wa Faransa albarka. Ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya ce da Hausa, a gaban kowa, "Mushe, na daɗe ƙasar nan. Ina jin Hausa."

Kada ku tambaye ni yadda aka ƙarasa wasan, ban sani ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Darekta, wanda ya zaɓi littafin da hannunsa, ya rantse wa kwamanda bai san zan sa hulunan gardi ba, wai da gangan na yi don in zagi gwamnati. Mutanen gari kuma suka laƙaba mini Magatakarda, har yara na faɗa a bayana. Wasu samari ƴan siyasa suka zo gida suna jinjina mini, wai na yi jarunta (ban ƙaryata su ba, Allah ya yafe mini). Maradi kuwa ko a mafarki. Aka tura ni wata ƴar lakwal ta zana can arewa, inda ruwan sha ma sai jaki ya yi wuni.

A can na sake buɗe littafin, don ba abin yi. Na ga marubucin bai yi ƙarya ko ɗaya ba, mutanensa ya tausaya wa, kuma sun cancanci tausayi. Sai dai ƴan uwansa da suka yi kuka a kan wannan wasa su ne suka haye jirgi suka zo suna yi mana irinsa, suka kuma sami wawa mai wando mai kari yana shige musu gaba.

Tun daga nan, duk littafin da zan koyar, kafin in tambayi yara wane ne mugu, sai na fara dubawa da kyau ko yana karɓar albashi irin nawa.