Daddawar Hajiya a Saman Bene

Ko na tsufa na rikice ba zan taɓa mantawa da ranar da muka hau saman benenmu neman wari ba. Imararmu, wato benen da muke zaune, tana Uhudu a Madina, kowa da shaƙƙarsa, wato sashen da ya saya, amma matakala da tankin ruwa da saman bene na kowa ne. Ƙungiyar masu gida ke kula da su, ittihadul mullak, kuma abin da rinjaye ya yanke ya hau kan kowa. Ni ne ra'is, shugaban ƙungiyar, a lokacin (Allah ya yafe mini, har tafiyata ta canza). Ni na kafa dokar cewa ba mai ajiye ko tsinke a sama. Baba Salihu kaɗai aka bar wa lungu saboda tattabarunsa, don tun rasuwar matarsa su ne abokan hirarsa.

To, sai wata 'yar'uwa ta zo umara daga Nijar da tsarabar gurguzu. Hajiya mahaifiyata ta dafa, ta ce daddawar batso za ta yi irin ta kakarmu. Matata ta rantse ba a gidanta ba. Ni kuwa mai makullin saman bene, na naɗe tukunyar da tsohon haramina na kai bayan tanki.

Wanda ya san batso ya san sauran labarin. Zafin Madina ya yi aikinsa, wari ya biyo matakala har ƙofar titi. Abu Fahad na hawa na biyu ya ce mushe ne a tanki, ya hana 'ya'yansa wanka. Aka kira taro bayan la'asar, aka ɗora wa tattabaru laifi. Hannuwa suka tashi a kan a kwashe su kafin Juma'a. Baba Salihu ya ce da shekarunsa bai taɓa jin kashin tattabara ya yi haka ba. Ya dube ni, na sunkuya ina gyara takardu. Wallahi na ji tsoro, na kuma ji ƙyamar kaina, amma na bar hukuncin ya wuce.

Abu Fahad ya ce a hau a gani da ido. Na yi ta jinkiri da makulli, gumi har cikin takalmi. Hancinsa bai ko kalli akurkin ba, kai tsaye ya ja shi bayan tanki. Ya tsaya kan ƙunshin farin harami mai kama da likkafani, jama'a suka ja baya ana salati. Wani ya ce a kira 'yan sanda (ni ma har na gyaɗa kai, ku ji rashin kunya).

Sai ga ƙarar sanda a matakala. Hajiya ce, wadda rabonta da hawa bene tun bara.

"Kada wanda ya buɗe mini, ba ta nuna ba!" Ta juyo kaina. "Kai, ba na ce ka riƙa juya ta ba?"

Rabin imarar Hausawa ne, suka fassara wa sauran da sauri, har da ƙari. Na so ƙasa ta tsage.

Da muke saukowa na tambayi Baba Salihu ko ya sani. Ya ce kullum da safe yana ganina ina lallaɓowa.

"Me ya hana ka faɗa, Baba?"

"Ɗana, jira nake ka faɗa da kanka."

Wannan ta fi warin ciwo. Tattabaru suna nan, ra'isanci kuwa a ranar aka sauke ni da rinjayen da ban taɓa gani ba. Abin da na koya: in za ka kafa wa mutane doka, fara tambayar mahaifiyarka me take shirin dafawa.