Ƙwaya Goma, Kilomita Goma

"Ni fa kimiyyar gudu a tafin hannuna take," in ji direban kamfaninmu, wanda ya raɗa wa kansa suna Guguwa. Mu dai Randa muke ce masa, saboda tumbin. "Ranar tseren ma'aikata, ƙeyata kawai za ku gani."

Ka san me ya tayar masa da tsumi? Surukinsa, tsohon ɗan tsere, ya taɓa cewa 'yarsa ta auri surutu. Shi ne gogan naka ya rantse zai kawo masa kofi, har ya gayyato shi kallo.

Matarsa nas ce. Ta ce, "Maigida, mai gudu yana zubar da gishiri a gumi. Ka ɗan barbaɗa a ruwa, ka ci ayaba, sai ƙwayar magnesiyam ɗaya saboda ɗaurewar jijiya."

"Ɗaya? Wannan ai ta masu tattaki ce. Kilomita goma za a yi, kowace da ƙwayarta."

"Za ta sakar maka ciki fa."

"Ke dai gaya wa Baba ya share wurin ajiye kofi."

Da safe ya afa goma cif, ya kora da ruwa mai gishiri cokali uku. Aka busa usur. Kilomita biyu, ƙishirwa ta shaƙe shi, duk teburin ruwan da ya tarar sai ya shanye rabon mutum huɗu. A ta shida yana can baya, tumbi na ƙugi. A ta takwas magnesiyam ta yi sallama, ciki ya saki.

Wallahi ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ya wuce akawu, ya wuce makaniki, ya wuce ni, hannu ɗaya dafe da mara, ido jajur. Jama'a suka ɗauki tafi, surukin har da miƙewa tsaye.

Saura taku goma ya taka layi, sai ya karya kwana ya nufi banɗakin da ke gefen fili. Mai shara ya lallaɓo ya cinye tseren. Guguwa kuwa yana can yana jijjiga ƙofa, ga ta garƙame da kwaɗo. Dariya ta hana ni numfashi.

Surukin ya ƙaraso a natse.

"Baba, makulli, don Allah."

"Na tambaya, yana aljihun mai gadi."

"Ina mai gadin?"

Tsohon ya nuna titi da sandarsa. "Yana cikin tseren. Shi ne na ƙarshe."