Ɗan Makka a Ƙofar Haikalin 'Yan Hindu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a tsakiyar haikalin 'yan Hindu ina koya wa mai gadi yadda ake karɓar baƙi.

A Makka aka haife ni, a unguwar Utaibiyya. Kakana ne ya zo Hajji daga Kano ya yi zamansa. Sana'ata jagorancin alhazai: ni ne mai ɗaga lema a Mina ina "yalla ya Hajji", ni ne mai tsinto tsofaffin da suka ɓace wa motarsu a Muzdalifa. Aikin nan yana da wata cuta da ba a faɗa. Yana sa mutum ya ɗauka duk inda jama'a suka taru a duniya, shi suke jira ya zo ya tsara su.

Surukina, Baba Alhaji, yana da gidajen saukar alhazai, kuma ya fara cewa ya gaji, yana neman wanda zai damƙa wa ragamar. Mu biyu muke harin kujerar, ni da ƙanin matata (shi da digiri, ni da baki). To da likitoci suka ce a kai Baba Indiya a canza masa gwiwa, sai na yi wuf na ce ni zan raka shi, ai ina jin Indiyanci. Gaskiyar magana, Indiyancin nawa bai wuce abin da na tsinta a bakin masu shagon unguwarmu da finafinan da na kalla ina saurayi ba. Na iya cewa "taho", "tafi", "nawa ne" da "zuciyata ta karye".

Aiki ya yi kyau, Baba ya miƙe da sanda, likita ya ce ya riƙa tattaki. Shi kuma mutum ne mai son tarihi. Ya ji labarin wani tsohon birni can kudu inda sarakunansu na dā suka yi mulki, ya ce ba zai koma gida bai gani ba. Muka hau jirgin ƙasa.

Tun a tasha na gano mutanen kudu yarensu daban, ko kalma ɗaya ba ma haɗuwa. Ban gaya wa Baba ba. In na yi magana suka kaɗa kai, sai in fassara masa abin da raina ya so. A tsohuwar fadar sarki, wadda ginshiƙanta ko mutum uku suka haɗa hannu ba za su zagaye ɗaya ba, wani dattijo ya yi mana dogon bayani yana nuna gefen hagu.

"Malam jagora, me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce sarkin adali ne ƙwarai, Baba."

Da muka bi ta hagun, banɗaki muka tarar. Baba ya dubi ƙofar, ya dube ni, ya ci gaba da tafiya.

Birnin dai abin kallo ne. Titunansa zagaye suke da wani babban haikalin 'yan Hindu, layi bayan layi, duk inda ka bi sai ka dawo gare shi. Ga mata masu saƙa farin fure suna sayarwa, ga teloli jere da kekunansu a ƙarƙashin wata rumfar dutse da ta girmi kakan kakana, ga shanu kwance a tsakiyar titi, masu babur na kauce musu cikin ladabi. Sama da komai kuma ga hasumiyoyin haikalin, tun daga ƙasa har ƙoli cike da sassaƙe-sassaƙe masu launi. Baba ya ce mu shiga farfajiyar da ake barin baƙi, mu ga aikin magina mu fito.

A bakin ƙofa akwai wurin ajiye takalma, kowa yana miƙa nasa. Ni kuwa ɗan Haramin Makka ne, darasin farko da nake ba alhaji shi ne kada ya rabu da takalminsa. Na zaro leda daga aljihu, na zuba nawa, na karɓi na Baba (wasu manyan takalman asibiti masu kama da kwale-kwale), na cusa ledar a hammata na rufe da mayafin kafaɗata.

"Na ga kowa ajiyewa yake," in ji Baba.

"Ba su san taro ba ne, Baba. Bar mini wannan."

Muka wuce ta wani dogon zaure mai sanyi, ƙanshin turare ko'ina, ana kaɗa ƙararrawa daga can ciki. Muna cikin tafiya muka iso wata ƙofa da mutane suka yi layi. Na ja Baba zan kutsa, sai wani mai gadi ya tare mu da hannu, cikin murmushi, ya nuna wani allo. Da Turanci aka rubuta, kuma wannan kam na karanta: daga nan sai mabiya addinin Hindu.

Baba ya juya zai koma. Ni ma ba wai shigar ce ta dame ni ba, me zan yi a ciki? Amma a tare ni a gaban surukina, ni da 'yan sandan Mina suke kira da suna? Sai na gyara murya. Na fara da Indiyanci, ya ƙare nan take. Na koma Turanci, shi ma bai kai ni ko'ina ba. Sai na ɓarke da Larabci, tunda na tabbata ba mai ji. Na ce wannan wane irin rashin karamci ne, mutum ya taso daga wata uwa duniya a tare shi a ƙofa saboda addininsa? Na ce a garinmu baƙo sarki ne. Layi ya tsaya cak, kowa ya zuba mini ido, ni kuma da na ga taro sai abin ya motsa, na ƙara ɗaga murya.

Wata dattijuwa ta fito daga layin, da farin fure a gashinta da gilashi a ido. Ta yi mini magana da Larabcin Jidda tsantsa, irin wanda gwaggona take yi.

"Ya waladi, wane gari ne naku?"

Na buɗe ƙirji na ce, "Makka."

"Masha Allah," ta ce. "Na daɗe ina aikin likita a Jidda, na karɓi haihuwar 'yan garinku da yawa. Duk ranar da za mu Ɗa'ifa, in mun zo allon nan na kan hanya mai cewa daga nan sai Musulmi, sai mu ɗauki titin da ya kewaye Makka. Yana da nisa, amma ban taɓa yi wa sojan da ke tsaron wurin faɗa ba. Wurinku ne mai tsarki."

Don in nuna ban mutu ba sai na ɗaga hannu zan yi bayani, na manta da abin da ke hammata. Leda ta faɗo ta fashe. Silifas ɗina suka yi gabas, kwale-kwalen Baba ɗaya ya gangara har bakin ƙofar da aka hana mu, ya kife a gaban mai gadi. Wata mata ta rufe baki da gefen zaninta. Likitar ta dubi takalman, ta ce a hankali, "Wannan kuma ko a hannu ba a shigowa da shi."

Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Baba ya dafa sanda ya ba ta haƙuri, ya ba mai gadi haƙuri, da Larabci mai taushi, ita tana fassarawa. Sannan muka kama hanyar fita, kuma nan ne azabar take. Mai sabuwar gwiwa ba ya sauri. Taku ɗaya, hutu ɗaya. Haka na ratsa zauren nan da farfajiyar da rana ta gasa, rungume da takalma huɗu a ƙirji, jama'a na buɗa mana hanya kamar an ɗauko gawa.

Sai da muka fito titi Baba ya yi magana.

"Malam jagora, ita ma cewa ta yi sarkin adali ne?"

Gidajen alhazai dai ƙanin matata aka ba. Ni an bar mini tarbar baƙi a filin jirgi, wai bakina ba zai yi asara ba. Baba bai taɓa ba da labarin a gabana ba, amma da muka sauka Jidda matata ta tarbe ni tana cije leɓe tana danne dariya, na san waya ta riga mu isowa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wa mutane wa'azi a ƙofarsu, ka tuna me aka rubuta a taku. In kuma ka riga ka tafka, aka tambaye ka garinku, ka yi wa garin sutura ka ce kai matafiyi ne kawai.