Rasuwar Tabarau Mai Hangen Nesa na Gidan Malam Kambai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin zafi, Malam Kambai, tsohon hedimasta a Kafanchan, yana sanar da rasuwar tabaransa mai hangen nesa, ranar Talata, 21 ga Disamba, 1976.

Marigayin ya fara aiki a bakin teku a Ikko, inda matar Malam, Beatrice, ta saye shi lokacin tana koyon aikin nas. Can ya ƙware a kallon tsuntsayen ruwa, sannan ya biyo ta Kafanchan a jirgin ƙasa. Shekara goma sha tara yana raka su gindin dutsen Kagoro kowace Asabar, yana jawo musu hasbiya da shaho daga tsagin dutse har gaban hanci. Bai taɓa gunaguni ba, sai ɗan "ƙiiƙ" da yake yi in an murza shi.

Idon Beatrice na dama yana da rauni, don haka ta saita gefe ɗaya daidai idonta. Tun rasuwarta shekara uku da suka wuce Malam bai taɓa saitin ba. Da ido ɗaya yake kallo, ɗayan kuma dishi-dishi, kuma ya fi son hakan.

Rashin lafiyar ta kwana ɗaya ce. Mildred, matar ɗansa, yarinya mai tsafta har ta yi yawa, tana wanke-wanken Kirsimeti ta haɗa shi da tasoshi, ta dirje shi da sabulu da toka, ta murza duk abin da ke murzuwa, ta shanya shi a kan rufin kwano. "Baba, na ga ya yi datti ne," in ji ta. Malam ya ɗaga shi ya duba, hazo kawai ya gani. Bai yi faɗa ba, bai kuma ji komai ba.

Marigayin ya bar jakarsa ta fata, da igiyar wuya, da littafin sunayen tsuntsaye mai ɗauke da rubutun mutum biyu.

Za a binne shi ranar Asabar a can ƙasan akwatin kayan Beatrice, cikin zanenta na coci. Ba waƙa, ba wa'azi, kuma ana roƙon Mildred ta daina ba da haƙuri. Daga nan Malam zai wuce gindin dutse kamar kullum. Duk mai ido biyu lafiyayyu yana iya zuwa ya gaya masa abin da ke tashi.